An yi masa dashen zuciya, Hajiya ta ce ba zai taka ƙofar gida ba

Maman Khalifa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika mini ciki. Abban Khalifa ya shekara uku yana fama da ciwon zuciya, har ta kai ko alwala sai an riƙe masa buta. Cikin ikon Allah aka yi masa dashen zuciya a Indiya, yau wata huɗu da 'yan kwanaki, mun dawo gida mako uku ke nan. A can kullum sai ma'aikatan gashin ƙashi, wato fisiyo, sun fito da shi baranda ya yi tafiya. Kafin mu taho yana yin minti 20 ba hutu, har keken nan da ba ya zuwa ko'ina yana tuƙawa, kuma a takardar sallama an rubuta ya ci gaba.

Muna sauka Hajiyarsu ta taso daga Argungu ta tare a gidan. Ta sa an shimfiɗa masa katifa a falo, ta ce ba inda za shi. Ruwa a miƙo masa, abinci a miƙo masa, ko labule ba ta yarda ya ɗaga. Ƙaninsa kuma ya sayo na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, aka ga bugun zuciyarsa 102 yana kwance. Hajiya ta ce kun gani ko, yana kwance ma tana gudu, ina ga ya tashi? Jiya da zai miƙe daga kujera sai da ya dafa da hannu biyu, cinyoyinsa na rawa, alhali a can ba ya haka. Ni matar ɗa ce, ba ni da bakin musu da ita, shi kuma ba zai iya duban idonta ya ce a'a ba. Don Allah masu sani, wa ke da gaskiya?

Alhaji Bala Jega:
Wa alaikumus salam. Allah shi ƙara lahiya. Ni dai ina bayan Hajiya. An sai da gona, an sai da hili, an ci bashi, kana a ce mutum shi hita shina yawo cikin wagga ƙura? Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ku bari shi shekara tukuna.

Sani Bakabe:
Ranka shi daɗe Alhaji, mu a bakin Matan Fada abin da munka sani shi ne, zama wuri guda tsautsayi, in ji kihi.

Nura Fisiyo:
Maman Khalifa, sannu da jinya, Allah ya ba da lada. Ni ma'aikacin gashi ne, ban kuma ga maigidan ba, don haka takardar da likitocinsa suka ba ku ita ce gaba da duk abin da zan faɗa. Amma bari in fara cire miki lambar nan 102 daga rai.

Zuciyar da aka haifi mutum da ita tana da jijiyoyin da suka haɗa ta da ƙwaƙwalwa. Akwai wadda aikinta kamar linzami ne, ita ke riƙe bugun ya sauko wajen 60 zuwa 80 in ana hutawa. Akwai kuma na ƙaimi, da ka yunƙura za ka yi gudu sun zabure ta nan take. Ranar dashe ana ɗinke manyan hanyoyin jini, amma waɗannan jijiyoyin yanke su ake yi, ba sa ɗinkuwa. Sabuwar zuciya doki ce ba linzami ba ƙaimi. Rashin linzamin ne ya sa mai dashe yana zaune lafiya lau za ka auna ka ga 90 zuwa 110. Ba alamar ta gaji ba ce.

Rashin ƙaimin shi ne inda ake yin kuskure. In ya fara tafiya, zuciyar ba ta da labari. Sai ta jira sinadarin adiranalin ya zubo cikin jini ya zagayo ya iske ta. Da can saƙon waya ne, yanzu ya koma ɗan aike a kwalekwale, sai an ba shi 'yan mintuna. Haka in ya tsaya, sinadarin bai gama barin jini ba, sai ta ci gaba da dukan uku-uku shi yana zaune. Saboda haka tafiyarsa kashi uku ce. Minti goma na farko tafiyar hawainiya, yana ɗan kaɗa hannu, har ɗan aiken ya isa. Tsakiya ya ɗaga ƙafa. Minti goma na ƙarshe ya riƙa sassautawa har numfashi ya daidaita. Kada ya tsaya cak ko ya zube kan kujera daga tsakiyar sauri, jini zai taru a ƙafafu jiri ya ɗebe shi.

Kuma ku daina zuba wa na'urar yatsa ido, don lambarta tana baya da abin da jikinsa ke yi. Numfashi za a duba. In yana tafiya yana iya hira da ke, amma ba zai iya jan doguwar aya da numfashi ɗaya ba, to daidai ne. In maganar ta koma kalma ɗaya haki ɗaya, ya wuce gona da iri. Mu a asibiti muna da ma'aunin gajiya da wani Baswidine mai suna Borg ya tsara, daga 6 zuwa 20, mukan so mai dashe ya tsaya wajen 11 zuwa 14, wato ya ji yana aiki amma bai galabaita ba.

Maman Khalifa, Birnin Kebbi:
Ikon Allah! Malam Nura, kamar kana gidan. Ranar Juma'a ƙaramar 'yarmu ta faɗi a tsakar gida ta tsala ihu, ya zabura daga kwance, taku bai fi goma ba ya dafe bango ya ce duhu yake gani. Muka zaunar da shi, sai a lokacin ƙirjin ya fara bugawa da ƙarfi, har ina ganin rigarsa na motsi. Hajiya ta ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Nura Fisiyo:
Zabura ce ta yi masa haka, ga kuma kwanciyar mako uku da ta riga ta sangartar da jikin. In zai tashi ya fara zama bakin katifa, ya motsa ƙafafu, ya ƙirga ashirin, sannan ya miƙe. Amma duk da haka ki rubuta wa likitansa wannan labarin yau, kada ki bar shi a bakina kawai, don maganin hawan jini ma yana sa haka in ya yi yawa.

Malam Umaru Yauri:
Ni ƙoda aka dasa mini, shekara shida ke nan, amma magungunanmu kusan ɗaya ne, bari in tofa. Rawar cinyar nan da kika gani na san ta. Akwai ƙwayar da ake ba mu, firednisolon, tana hana jiki faɗa da abin da aka dasa, amma tana cinye naman cinya da na ɗuwawu, tana sa ƙashi ya yi laushi, ga ci kamar gara. Ni ma lallaɓa ni aka yi wata biyar. Fuskata ta zama kamar faifai, ƙafafuna kamar sillen kara, na tashi da ciwon suga da ban je da shi ba. Ranar da na kasa tashi daga tsugunno a bayi sai da na kira ɗana, ranar na yi kuka.

Da falwaya na fara. Daga ƙofar gida zuwa falwaya ta biyu in dawo, bayan kwana uku in ƙara ɗaya. A ɗaki kuma in zauna kan kujera in miƙe ba dafawa, sau biyar, in huta, in sake. Yau ina zuwa kasuwa a ƙasa. Abu ɗaya zan ja kunnenki: da ya fara, jiki zai yi tsami, kada a aika yaro kemis. Ni wani yaron kemis ya haɗa mini diklofenak, maganin ciwon jiki, na sha kwana huɗu, da aka yi awon jini sai da likita ya daka mini tsawa. Irin waɗannan da ibufurofen ba sa shiri da takrolimus, ɗaya maganin da muke sha don kada jiki ya ƙi abin da aka dasa, ƙoda suke bugu.

Garba Kamba:
Duk wannan dogon turanci ne. A dama masa fura da nono mai kyau safe da yamma, a haɗa masa da sassaƙen da muke ba masu jego, wallahi mako biyu zai yi dambe. Kakanninmu da me suka rayu?

Sista Hauwa'u, Zuru:
Malam Garba, kakanninmu ba a sa musu zuciyar wani a ƙirji ba. Don girman Allah kada a ba shi sassaƙe ko jiƙo ko wani garin magani. Takrolimus ana shan shi ne duk bayan awa 12, kuma ana auna yawansa a jini, don in ya yi ƙasa garkuwar jiki ta far wa zuciyar, in ya yi sama ƙoda ta ji jiki. Ba wanda ya san abin da sassaƙenka zai yi wa wannan ma'auni. Ko magungunan asibiti ma akwai masu rikita shi, na tarin fuka yana zuƙe shi, wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna haura da shi. Nonon da ba a tafasa ba kuma a bar shi, ƙwayar cutar da ni da kai za mu sha mu kwana lafiya shi tana iya kai shi gado.

Maman Khalifa, ga abin da ya fi damuna a ce kin riƙe. Tunda jijiyoyin nan a yanke suke, zuciyar tana iya shiga matsala bai ji ciwon ƙirji ba ko kaɗan. Kada ku jira ciwo. Ku sayi sikeli ya hau kowace safiya bayan fitsari, ki rubuta. In ya ƙaru da kamar kilo 2 cikin kwana biyu ko uku, ko ƙafa ta kumbura, ko tafiyar da ya yi jiya da sauƙi yau ta gagare shi, ko zafin jiki ya kai 38, ranar ba atisaye, waya za a ɗauka. Kuma zazzaɓinsa ba irin wanda ake cewa ai maleriya ce a sayo magani ba ne, sai an gwada.

Garba Kamba:
To Sista, mun ji, mu jahilai ne. Komai namu guba, komai na Bature magani.

Sista Hauwa'u, Zuru:
Ban ce haka ba, Malam. Zogale a miya, kuka, kuɓewa, wake, kifin Yauri da aka dafa ya dahu, duk namu ne kuma ya ci. A rage gishiri da dunƙule da soye-soye kawai.

Shugaban zaure:
Malam Garba, Sista, a sassauta. Baiwar Allah taimako ta zo nema.

Abba Gwandu:
Ni tambayata daban ce, kada a yi mini dariya. Zuciyar Ba'indiye ce fa. Ba zai tashi da halin mai ita ba? Kuma imaninsa fa?

Sani Bakabe:
In kun ji ya hwara kaɗa kai in shina magana, ku sanar da mu.

Ustaz Lawali Kalgo:
Sani, Allah ya shirye ka. Abba, tsoka ce aka sauya mai tura jini, mutumin yana nan da iliminsa da sallarsa da bashin da ake bin sa. Abin da ya kamata mu yi magana a kai shi ne salla da azumi, don na san su ne za su fi cin ransa. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Don haka ba laifi ya fara da kujera. Amma sauƙin na wanda bai iya ba ne, in likita ya ce ya iya tsayuwa da ruku'u, ya yi. Azumi kuma ga shi tafe, mai shan magani duk awa 12 da aka ce kada ƙishirwa ta kama shi, uzurinsa a bayyane yake. Ya tambayi likitansa, kada kunyar mutane ta sa ya ɗauka.

Nura Fisiyo:
Allah ya saka, Ustaz. In ƙara a kan sujada: ƙashin ƙirji tsaga shi ake yi a ɗaure da waya, yana ɗaukar mako 6 zuwa 12 kafin ya kama, kuma a lokacin ba a ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 ko 5. Shi ya wuce wannan, sai dai magungunansa na jinkirta warkewa, don haka a tambaya kafin ya fara ɗaukar kaya. Buta ba komai. Jarka mai lita 25, jan guga a rijiya, tura mashin ko buga masa kik, cicciɓar Khalifa sama, waɗannan a dakata. In ya ji ƙashin yana ƙas-ƙas in ya juya, a kai shi a duba. In an ba shi izini, ƙananan robobin ruwa biyu sun ishe shi fara motsa damatsa, yana fitar da numfashi lokacin ɗagawa, ba ya riƙe shi.

Alhaji Bala Jega:
Na ji duk bayaninku, kuma ban raina ilimin kowa ba. Amma ni na karanta cewa wanda anka hwara yi ma wanga aiki kwana 18 yay yi ya cika. Kuma ku gaya min, in ya hwaɗi bisa hanya tsakanin unguwar Gesse da gida, wa ad da asara? Ku kuna cikin waya, uwa tai ce za ta ɗauki gawa.

Sista Hauwa'u, Zuru:
Gaskiya ne Alhaji, a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ne, Disamban 1967, likita Christiaan Barnard. Amma ba tafiya ce ta kashe mutumin ba, ciwon huhu ne, don magungunan lokacin sun rusa masa garkuwa gaba ɗaya. Tun da aka samu saikulosforin, maganin hana jiki faɗa da abin da aka dasa, a farkon shekarun 1980 lamarin ya sauya. Kuma tun 1978 aka fara gasar wasanni ta waɗanda aka yi wa dashe, a Ingila, har yau ana yi, masu sabuwar zuciya na gudu suna ninƙaya.

Nura Fisiyo:
Alhaji, tambayarka ta biyu tana da nauyi, ba zan kauce mata ba. A inda abin ya zauna, mai dashe yakan yi makonni yana atisaye a asibiti, an manna masa wayoyin awon zuciya, ma'aikaci na tsaye a kansa, sannan a sake shi. Mu a nan sai mun haɗa da dabara. Shi ya sa zan ce kafin ya wuce tafiyar cikin unguwa, su je wurin likitan zuciya, ko nan Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, tafiyar kamar awa biyu ce, a duba shi a rubuta masa iyaka. Kada ya fita shi kaɗai, kada ya yi nisa da gida, ya riƙa zagaye ne. A yanzu ya koma tafiyar hawainiya kawai ta minti 10 sau biyu a rana tunda ya yi mako uku a kwance, ba minti 20 da ya bari ba.

Amma kwanciyar ma ba tudun mun tsira ba ce. Shekara uku ciwo na cin namansa, magani na ci, yanzu katifa na ci. Magungunan nan suna jawo hawan jini da suga da kitse a jini, kuma babban abin da ake tsoro bayan shekaru shi ne hanyoyin jinin sabuwar zuciyar su tsuke. Gonar da aka sayar, ai don ya tashi aka sayar.

Maganar ƙura kuma kana da gaskiya. Ranar da hazo ya sauko ya yi tafiyarsa a tsakar gida ko ya sa takunkumi. In bazara ta shigo, zafin nan namu da ke haura 40, daga bayan asuba zuwa hantsi kawai, da gorar ruwa a hannu, gwargwadon abin da likita ya yarje masa ya sha.

Maman Khalifa, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Shi fa hankalinsa duk yana fadama, yana ta lissafin shinkafar rani.

Sista Hauwa'u, Zuru:
Ya yi lissafin daga nesa. Taɓo, ruwan fadama mai tsargiya, ƙurar casa, rumbun da ya yi fumfuna, kejin kaji da ɗakin tantabaru, duk ba nasa ba ne yanzu. Masallacin Juma'a ma a 'yan watannin nan ya sa takunkumi ya tsaya gefe, a yafe masa musabaha.

Hajiya Kulu Bunza:
Duk kun yi ta likitanci kun bar ainihin ciwon. Ɗiyata, ba zuciya ce matsalarki ba, Hajiya ce, kuma ni uwar miji ce, bari in gaya miki yadda muke. Matar nan shekara uku tana kallon ɗanta yana kumbura yana sacewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Kada ki kuskura ki kai mata waya ki ce ga abin da aka ce a intanet, kin kashe maganar ke nan. Ki nemo wanda take jin nauyi, wanta ko limamin unguwarsu, a tafi asibiti tare da ita, ta ji daga bakin likita da kunnenta, ta yi tambayarta. Sannan a ba ta aiki. Uwa ba ta iya zama hannu rabbana, in ba ki ba ta abin tsaro ba, shi za ta tsare. Ki ce Hajiya, ke za ki riƙa duba mana sikeli, ke za ki riƙa tuna masa maganin takwas.

Malam Umaru Yauri:
Wallahi Hajiya Kulu ta fi mu duka.

Maman Khalifa, Birnin Kebbi:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan mako biyar. Mun bi shawarar Hajiya Kulu. Kawu ne ya zo daga Argungu, muka ɗunguma Sakkwato har da Hajiya. Ta tsare likitan da tambaya sai da ya ajiye biro, ya kama hannunta ya ɗora a wuyan hannun ɗanta, ya ce ta ji, haka sabuwar take bugawa kuma haka ake so. An rage masa ɗaya daga cikin magungunan hawan jini, an ce jirin ranar har da shi. Littafin sikeli yanzu a ƙarƙashin filonta yake kwana, ba mai taɓa shi.

Yana fita bayan asuba shi da ƙaninsa, ya kai falwaya 14 zuwa da dawowa, yana tashi daga kujera sau takwas ba dafawa. Akwai ranar da ya tashi jiki ba daɗi, muka auna zafi muka kira likita, ya ce a huta kwana biyu, aka huta. Sharaɗin Hajiya ɗaya ne: sai almajirin gidan ya bi su da kujerar roba a ka. Malam Nura, na gaya masa kada ya zauna sai ya sassauta tukuna. Shekaranjiya sun dawo yana dariya, wai a falwaya ta goma yaron ne ya sauke kujerar ya zauna a kai.

Nura Fisiyo:
Madalla. Kada ya ƙara nisa kuma ya ƙara sauri a mako ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Ki tambaya mini ko an ba shi izinin robobin ruwan.

Alhaji Bala Jega:
Alhamdu lillahi, Allah shi ƙara ƙarhi. Amma ni dai kujerar nan kada a bari a daina ɗaukarta. A ƙara ma yaron kuɗin koko.